SHARUKAN BAI SAN KUNA YI BA

Wani ɗan uwa ya rubuto mana wasiƙa yana kuka da abin da ya gani da idonsa a teburin mai shayin unguwarsu. Ya ce samari ne guda biyu, tare suka yi makarantar allo, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, suka kaure da musu bayan sallar Isha'i a kan wane ne ya fi wani tsakanin Shah Rukh Khan, wanda yaranmu ke kira Sharukan, da Salman Khan. Tun ana yi ana dariya har ɗaya ya ce ai gwanin ɗayan ya tsufa, fim ɗinsa mai zuwa ba zai kai labari ba, kuma ma wai kowa ya san abin da ke tsakaninsa da wata 'yar wasa. Shi kuwa ɗayan ya mayar masa da wadda ta fi wannan muni a kan nasa gwanin. Aka cakumi juna, aka yaga riga, aka fasa kofunan mai shayi, kuma har ranar da ɗan uwan nan ya ɗauki alƙalami samarin ba sa ga-maciji da juna. Ya roƙe mu don Allah mu ce wani abu.

Da farko mun yi niyyar mu kau da kai, domin a ganinmu akwai matsalolin da suka fi zancen 'yan fim cancantar wannan shafi. Amma da muka sake dubawa sai muka ga cewa abin da ya faru a teburin nan shi ne yake faruwa kullum a cikin wayoyin da yawa daga masu riƙe da wannan jarida, illa iyaka dai a waya ba a fasa kofi. Kuma ba za mu yaudari kanmu mu ce wai matasanmu ba sa kallon fim ɗin Indiya ba. Suna kallo, iyayensu ma sun kalla. Tun zamanin da ake cika silimun Plaza da Orion da Eldorado a Kano Bahaushe ya san Amita da Dharmendra kamar 'yan unguwarsu, har ya raɗa wa Sanjay Dutt suna Ɗan Daba Mai Lasin. Yanzu kuma masu fassara irin su Algaita sun sa Ba'indiye yana zuba Hausar Kano a wayar kowane ɗan adaidaita. To tunda abin ya riga ya shigo tsakar gida, gara mu zauna mu yi maganarsa gaba da gaba.

Musabbabin rigimar, in ji mai wasiƙar, shi ne fim ɗin da ake kira King. A ranar 2 ga Nuwamba 2025, ranar da Sharukan ya cika shekara 60 da haihuwa, aka saki wani ɗan gajeren faifai wanda bai kai minti biyu ba, aka bayyana sunan fim ɗin, aka ce Siddharth Anand ne darakta, kuma a 2026 zai fito. Abin da aka nuna ke nan, sai furfurar da aka yi wa jarumin da 'yan doke-doke. Amma daga wannan ɗan guntun faifai jama'a suka gina gari guda. Waɗansu suka rantse cewa babu fim ɗin da zai kama ƙafarsa a tarihin Indiya. Waɗansu suka rantse cewa ya mutu tun yana ciki, wai an yi shi ne kawai don a ɗaga 'yarsa Suhana da ke cikin fim ɗin. A lokacin babu ko mutum ɗaya cikin masu rantsuwar nan da ya ga fim ɗin, kuma wannan bai hana kowa rantsewa ba.

A wannan rana dai dubban mutane suka yi cincirindo a ƙofar gidansa mai suna Mannat, a unguwar Bandra ta birnin Mumbai, kamar yadda suka saba duk shekara, suna jiran ya leƙo ya ɗaga masu hannu. Bai fito ba. Ya aiko da saƙon ban-haƙuri cewa hukuma ce ta ba shi shawarar kada ya fito saboda gudun turmutsutsu. Kowa ya kama hanyar garinsu da kuɗin motar da ya rage masa.

Hukumar kuwa tana da dalilinta. A Janairun 2017 Sharukan ya hau jirgin ƙasa daga Mumbai zuwa Delhi don tallar fim ɗinsa Raees. Da jirgin ya tsaya a tashar Vadodara jama'a suka yi ca a kansa, 'yan sanda suka sa kulki, mutum ɗaya ya rasa ransa a cikin wannan hargitsi. An kai jarumin ƙara, kotu ta sallame shi a 2022, amma mamacin yana nan inda yake. A ranar 4 ga Disamba 2024 kuma, a wata silima da ke Hyderabad, wata uwa ta mutu a turmutsutsun masu son ganin Allu Arjun daren da aka fara nuna Pushpa 2, ɗanta ƙarami ya ji mummunan rauni. Shi ma jarumin an kama shi, ya kwana ɗaya a gidan yari, gari ya waye ya koma gidansa. Sai ka ji labarin wasu samari biyu daga jihar Gujarat da suka haura gidan Sharukan a Maris 2023, suka laɓe a ɗakin kwalliyarsa kimanin awa takwas, ƙarshenta suka kwana a hannun 'yan sanda. Ko wani bawan Allah daga jihar Jharkhand da ya rufe wurin sana'arsa a 2024 ya tare a ƙofar gidan har kwana 95 don kawai a ɗauke su hoto tare. Abin dariyar ma shi ne, shi kansa Sharukan ya taɓa yin fim sukutum a 2016 mai suna Fan, a kan yadda irin wannan so na gani-kashe-ni yake halaka mai yin sa. Masoyan suka sayi tikiti suka kalla, suka tafa, suka fito suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Wannan dai ɓangaren so ke nan, kuma mun san masu karatunmu za su ce ai su ba su kai nan ba. Mun yarda. Babu wanda zai tashi daga Zariya ko Maraɗi ya je ya kwana a ƙofar Mannat. Amma akwai ɗaya ɓangaren wanda ba ya buƙatar biza ko kuɗin jirgi, wato ji-ta-ji-ta, kuma a nan ne muke so ɗan uwa ya ba mu hankalinsa.

A ranar 6 ga Fabrairu 2022 shahararriyar mawaƙiyar nan Lata Mangeshkar ta mutu tana da shekara 92. Aka kai gawarta filin Shivaji Park a Mumbai, manyan ƙasa suka zo bankwana. Sharukan ya zo, ya tsaya a gaban gawar ya ɗaga hannuwansa biyu irin yadda Musulmi ke yi, ya yi addu'arsa, sannan ya sauke takunkumin da ke bakinsa ya yi tofi. Ba mu shiga batun hukuncin abin da ya yi ba, wannan fagen malamai ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. Kafin gari ya waye wani jami'in jam'iyyar BJP a jihar Haryana ya sa hoton a shafinsa yana tambaya wai shin tofa mata yawu ya yi? Da ma jira ake yi. Dubban mutane suka ɗauka suka yayata cewa ga Musulmi ya tofa wa gawar uwar mawaƙan Indiya yawu a bainar jama'a. Duk yaron da ya tashi a gidan Bahaushe ya san tofi, ya san yadda kakarsa take karanta addu'a ta hura masa a ka in zazzaɓi ya kama shi. Mu kallo ɗaya muka yi wa hoton muka gane. Amma ga wanda bai sani ba, ko wanda ya sani ya ƙi sani, hoton ya ishe shi hujja. Kuma a lura, wanda ya ƙulla abin bai ce ya tofa ba. Tambaya kawai ya yi. Haka gwanayen wannan sana'a suke yi, su jefa tambaya su koma gefe, jama'a su ƙarasa masu aikin.

Kafin wannan da wata huɗu an yi wadda ta fi ta. A daren 2 ga Oktoba 2021 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Indiya ta kai samame wani jirgin ruwan shaƙatawa a gaɓar Mumbai, ta kama wasu matasa, cikinsu har da Aryan, babban ɗan Sharukan, yana da shekara 23. Ba a sami ƙwaya a jikinsa ba. Duk da haka sai da ya yi kusan mako huɗu a tsare, mafi yawansu a kurkukun Arthur Road, kafin Babbar Kotun Bombay ta ba da belinsa ranar 28 ga watan, ya fito ranar 30. A cikin makonnin nan babu abin da ba a faɗa ba. Gidajen talabijin suka riƙa karanta saƙonnin wayar yaron dare da rana, aka ce yana cikin gungun masu safarar ƙwaya na duniya, aka tono tsofaffin maganganun raha na ubansa aka ce ga irin tarbiyyar da ya ba shi. Wani kamfani ya dakatar da tallar da uban ke yi masa, aka ɗage ɗaukar fim. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, an fassara labarin da Hausa an ƙara masa gishiri da yaji, an yi ta turawa.

To sai me? A ranar 27 ga Mayu 2022 ita wannan hukuma da ta kama shi ta shigar da takardar tuhuma a kotu, babu sunan Aryan a ciki, shi da wasu mutum biyar, saboda babu hujja. A Mayun 2023 kuma hukumar bincike ta tarayya, CBI, ta buɗe wa jami'in da ya jagoranci samamen fayil bisa zargin cewa an nemi cin hancin rupi miliyan 250 daga iyalan yaron. Wannan ma zargi ne, kuma ba za mu yi wa jami'in abin da muke hana a yi wa wani ba. Amma muna tambayar ɗan uwan da ya tura labarin kamun ga mutum hamsin a 2021: mutum nawa ka tura wa labarin wankewar a 2022? In ka yi wa kanka adalci za ka ga ko mutum ɗaya babu. Wataƙila ma yau ka fara ji.

Ƙazafin bai tsaya kan babban ɗa ba. A wani jawabi da Sharukan ya yi a birnin Vancouver na ƙasar Kanada a 2017, da bakinsa ya ba da labarin yadda aka yaɗa a intanet cewa autansa da aka haifa a 2013 wai ba ɗansa ba ne, ɗan gaba da fatiha ne na babban ɗansa, wanda a lokacin yake da shekara 15. Jariri a zanen goyo, da yaro ɗan makaranta, an haɗa su an shafa masu kashin kaji don wani ya sami masu leƙa shafinsa. Haka nan a ranar 11 ga Nuwamba 2025 manyan kafafen watsa labaran Indiya suka sanar da mutuwar Dharmendra yana kwance a asibiti da ransa, har manyan 'yan siyasa suka fara ta'aziyya, sai da matarsa da 'yarsa suka fito suka ƙaryata cikin ɓacin rai. Ajalinsa bai zo ba sai ranar 24 ga watan. Kwana goma sha uku aka yi masa gaggawa.

Ba muna cewa duk abin da aka faɗa a kan waɗannan mutane ƙarya ba ne. A tsakiyar 2025 an yi ta raɗe-raɗin cewa Sharukan ya ji ciwo wajen ɗaukar King, daga baya kuwa aka gan shi da hannu a rataye, ya kuma faɗa da kansa cewa an yi masa tiyata a kafaɗa. Sai dai wanda ya yaɗa wannan kafin ta tabbata, da wanda ya yaɗa zancen tofa yawu, hanya ɗaya suka bi, duka ba su bincika ba. Ɗaya ya yi katari ne kawai. Kuma mai jifa cikin duhu in ya sami tsuntsu yau, gobe idon mutum zai samu.

Yanzu bari mu dawo gida. Masu yaɗa irin waɗannan labarai a cikinmu kashi biyu ne, kuma kashi na biyun ya fi ba mu tsoro.

Kashin farko su ne 'yan gani-kashe-ni, irin samarin teburin mai shayi. Su dai gwaninsu ba ya laifi, gwanin wani kuwa ba ya abin kirki. Duk labarin da zai ɓata abokin hamayya gaskiya ne tun kafin a gama karanta shi, duk wanda zai taɓa nasu kuwa sharrin maƙiya ne. Waɗannan ciwonsu a fili yake, kuma galibi shekaru da nauyin iyali suna warkar da su.

Kashi na biyu su ne 'yan uwa masu kishin addini waɗanda ba sa kallon fim ko kaɗan, amma da zarar labarin abin kunya na wani ɗan fim ya faɗo wayarsu sai su tura shi gaba da sauri, su sa masa Inna lillahi a sama, su sa Allah ya shirya a ƙasa, suna jin cewa wa'azi suka yi. In ka ce masu ɗan uwa ka tabbatar kuwa? Sai su ce ai ɗan fim ne, me ba zai aikata ba? To a nan ne muke cewa a yi hattara. Wanda yake rawa da matan mutane a gaban kyamara, wannan aikinsa ne na fili, kowa ya gani, kuma mai son ya soki wannan aiki yana da hujjarsa a hannu. Amma rawar da ya yi a fili ba ta zama shaida a kan zinar da aka ce ya yi a ɓoye ba. Kowane ɗalibi ya san cewa Suratun Nur ta gindaya shaidu huɗu ga mai jifan kamammu da zina, in ya kasa kawowa shi ne zai sha bulala tamanin, a daina karɓar shaidarsa. Malamai sun yi bayanin waɗanda haddin ya shafa da waɗanda bai shafa ba, amma ba mu taɓa jin malamin da ya ce ƙarya tana halatta in dai a kan fasiƙi ko wanda ba Musulmi ba aka yi ta. Kuma surar ta sauka ne a kan ƙazafin da aka yi wa iyalin Manzon Allah (S) a Madina, inda munafukai suka ƙirƙira, amma waɗansu Musulmi na ƙwarai suka taya yaɗawa da baki, ba don ƙiyayya ba, don kawai sun ji ana faɗa. Su ma ba a ƙyale su ba. Abin da Suratul Hujurat ta koyar game da bincika labari kafin a yi aiki da shi kuwa, ko yaran Islamiyya sun haddace.

Ɗan uwa, ranar da aka ce Musulmi ya tofa wa gawa yawu ranka ya ɓaci, kuma ya kamata ya ɓaci. Ka ce dubi yadda suke ɗaukar hoto guda su gina ƙarya a kai. To kai da ka ga hoton ɗan wasa da 'yar wasa sun tsaya kusa da juna a wajen biki, ka rubuta a ƙasa wai me ke tsakaninsu, da me ka bambanta da mutumin Haryana? Shi ma tambaya ya yi.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wa ke cin ribar wannan hayaniya? A duba abin da ya faru da Pathaan. Bayan Zero ya faɗi a ƙarshen 2018, Sharukan ya yi shekara huɗu bai fito a matsayin jarumin fim ba, har ana cewa tasa ta ƙare. A Disambar 2022 aka saki wata waƙa daga cikin Pathaan inda jarumar, Deepika Padukone, ta sa 'yar ficiciyar tufa mai launin ruwan goro, launin da masu tsattsauran ra'ayin Hindu ke ɗauka nasu ne. Ministan cikin gida na jihar Madhya Pradesh ya yi barazanar hana nuna fim ɗin, 'yan ƙungiyar Bajrang Dal suka yayyaga allunan tallarsa a wani kanti a Ahmedabad, aka yi ta kiran a ƙaurace masa. Su kuma masoya suka ce ba su san zancen ba, suka riƙa sayen tikitin silima guda sukutum. Mako shida ana wannan ja-in-ja, babu gidan da sunan fim ɗin bai shiga ba. Jarumin bai ma wahalar da kansa da yawon hira da 'yan jarida yadda aka saba ba, yana zaune yana amsa tambayoyin masoya a Twitter, su kuma suna yi masa talla kyauta. Da fim ɗin ya fito ranar 25 ga Janairu 2023 sai da ya tara sama da rupi biliyan 10 a duniya. Jawan da ya biyo baya a Satumbar shekarar ya wuce biliyan 11. A 2025 kamfanin Hurun mai ƙididdigar attajirai ya ƙiyasta dukiyar Sharukan da sama da dala biliyan ɗaya. Mai zagi da mai yabo duk leburori ne a gona ɗaya, kuma babu wanda aka sallama da ko sisi. Kai da ka ƙona datar dubu biyu kana kare shi har asuba, ka makara sallah, ko a lissafin tikiti ba ka shiga ba, tunda kai fassararren ka karɓa a wajen mai tura fina-finai a bakin kasuwa.

A nan ne ma muke so mu gyara wani kuskure da muka ji yana yawo a bakin wasu 'yan uwa a wancan lokaci, wai nasarar Pathaan nasara ce ta Musulmin Indiya a kan masu ƙinsu. Gaskiya ne cewa sunan Khan ya jawo wa mutumin nan tsangwama. A 2010 'yan Shiv Sena sun tasar wa fim ɗinsa My Name Is Khan saboda ya ce ya kamata a sa 'yan wasan kurket na Pakistan a gasar Indiya, a 2015 kuma da ya yi magana a kan rashin haƙuri da juna a ƙasar sai wani jigo a BJP ya ce ai ransa yana Pakistan. An sha tsare shi a filayen jirgin saman Amurka. Duk wannan ya faru, kuma zalunci ne. Amma a koma a kalli shi fim ɗin. Kamfanin Yash Raj ne ya zuba kuɗinsa ya kwashi ribarsa. Labarinsa kuwa na jami'in leƙen asirin Indiya ne da ke wargaza makircin wani janar na Pakistan wanda ya fusata saboda gwamnatin Indiya ta soke matsayi na musamman na yankin Kashmir a 2019. Wato fim ne da ya tsaya daram inda gwamnatin Delhi take so a tsaya. Mutanen Kashmir da aka rufe wa intanet wata da watanni bayan wancan mataki, me biliyan goman nan ta ƙara masu? Ɗan kasuwa ne ya yi kasuwancinsa ya ci riba. A bar shi a nan, kada a ɗora masa rawanin da shi ma bai ce yana so ba.

Su kuma samarinmu biyu, ga wani labari da ya kamata su sani in ba su sani ba. Sharukan da Salman, waɗanda suka fito a matsayin wa da ƙani a Karan Arjun a 1995, sun taɓa ɓatawa da gaske a wajen wani bikin zagayowar ranar haihuwa a 2008. Shekara biyar magoya bayansu suna zage-zage da tone-tonen asiri, kowa yana ganin yana taya gwaninsa yaƙi. A azumin 2013, a wajen buɗa-bakin da ɗan siyasar nan Baba Siddique ya shirya a Mumbai, sai ga mutanen nan biyu sun rungumi juna a gaban 'yan jarida. Lokacin da aka kama Aryan, Salman yana cikin waɗanda suka fara zuwa gidan jaje. A 2023 Salman ya fito a Pathaan, Sharukan ya rama masa a Tiger 3. Su sun shirya tuntuni, suna cin kasuwarsu tare. Ku da ba ku da ko akuya a garken, ku ne kuka shiga sharo kuna fasa wa juna jiki.

Babban abin da ya sa muka ba wannan magana shafi guda shi ne, harshen da ya saba da cin naman mutumin Mumbai ba ya tsayawa a Mumbai. Sharukan yana da lauyoyi da masu gadi da katanga mai tsawo, duk abin da aka faɗa a kansa a Fagge ko Tudun Wada ba zai taɓa isa kunnensa ba. Amma 'yan wasan Hausa fa? Su a cikinmu suke, iyayensu suna sallah a masallatanmu, ƙannensu suna aji ɗaya da ƙannenmu. Sau nawa aka kashe ɗan wasa da baki yana zaune yana cin tuwo, har sai ya ɗauki kansa a waya ya ce jama'a ina nan da raina? Sau nawa aka ɗaura wa 'yar wasa aure aka kuma sake ta a Facebook ita ba ta sani ba? Daga nan kuma sai abin ya gangaro kan wadda ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, 'yar maƙwabta da aka gani ta sauka daga wata mota, a ɗauki hotonta a jefa a zauren WhatsApp na samarin unguwa da 'yar tambaya a ƙasa. Ita ba ta da lauya. Abin da za a ji kawai shi ne masu neman aurenta sun janye, ba wanda zai gaya wa ubanta dalili.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwanni da na makarantu da su ɗauki wannan a matsayin amana. Duk wanda ya turo labarin mutuncin wani, ɗan fim ne ko ba ɗan fim ba, a tambaye shi daga ina, wa ya gani. In ya ce shi ma turo masa aka yi, a goge, a kuma gaya masa dalili a gaban kowa. In labarin da aka taɓa yaɗawa a zauren ya tabbata ƙarya ne, wanda ya kawo shi shi zai dawo ya warware da bakinsa a inda ya faɗa. Wanda kuma yake ganin fina-finan nan ɓarna ne, to ya soki abin da ke cikinsu wanda kowa ya gani, tsiraicin da shan giyar da ɓata lokacin, abin faɗa bai ƙare masa ba balle ya je aron na ƙarya.

Shi kuma ɗan uwan da ya rubuto mana, muna roƙonsa kada ya tsaya a kan wasiƙa. Kwana ukun da aka yarje wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sun wuce tuni. Ya sami limamin masallacin nasu ko wani dattijo da samarin ke jin nauyinsa, a zaunar da su yau ɗin nan kafin Magariba, a karanta masu labarin buɗa-bakin 2013 in ya so. In sun yi musabaha, a raka su teburin mai shayi su haɗa kuɗi su biya shi kofunansa guda uku da suka fasa.